Yadda muke tsare wa yaranmu salla da karatu a Birmingham

A gida unguwa ce ke taya iyaye tarbiyya: ladan yana kira, makarantar allo tana bakin ƙofa, maƙwabci yana tsawatarwa. A Ingila babu ko ɗaya cikin waɗannan sai wanda ka gina da hannunka. Shi ya sa muka fara da salla, domin ita ce ke fara zamewa, kuma yawanci lokaci ne ke kayar da ita, ba taurin kan yaro ba.

A watan Disamba rana tana faɗuwa a Birmingham kafin ƙarfe 4 na yamma. Azahar tana shiga jim kaɗan bayan 12, La'asar kafin 2, makaranta kuwa ba a tashi sai bayan 3. Yaron da ya jira sai ya iso gida zai tarar da salloli biyu a kansa ga Magariba tana ƙwanƙwasa ƙofa. Ɗan firamare da bai balaga ba ba na matsa masa. Da ya shigo ya ajiye jaka, ya yi alwala, ya yi Azahar da La'asar kafin ya taɓa abinci. Ɗan sakandare kuwa, tun watan Satumba muke rubuta wa makaranta wasiƙa muna neman ɗakin da zai yi salla a hutun cin abincin rana. Minti goma sun isa. Abin da ke hana yara ba rashin ɗaki ba ne, kunyar ɗaga ƙafa a wurin wanke hannu gaban abokai ce. Maganinta shi ne ya yi cikakkiyar alwala a gida, ya sa huffin fata a kanta, in ta warware a makaranta ya yi shafa.

Lokacin zafi matsalar ta juye. A Yuni Magariba tana kaiwa 9:30 na dare, Isha'i ta kusa 11, Asuba ta zo mutum bai gama juyi ba. Jadawalin masallatai ma yana saɓawa, saboda hasken sama ba ya gushewa sarai a waɗannan makonni. Mun zaɓi jadawalin masallaci ɗaya mun manna a kicin, kowa na gidan shi yake bi. Ɗan shekara bakwai ba na tashinsa ƙarfe 3 na dare. Ya yi Asuba da zarar ya farka. Daga shekara goma muke fara tashinsa.

Karatun Alƙur'ani a nan galibi daga 5 zuwa 7 na yamma ake yi a masallatai, bayan yaro ya wuni a boko. Kwana biyar a mako yana gajiyar da ƙaramin yaro har ya tsani zuwa, don haka muka tsaya a kwana uku, muka cike da minti goma sha biyar a gida. Akwai kuma abin da iyaye Hausawa ba su cika lura da shi ba. Mu da ruwayar Warshu ta karatun Alƙur'ani muka tashi, masallatan nan kuwa ruwayar Hafsu suke koyarwa. A rubutunmu na allo ɗigon harafin fa a ƙasa yake, harafin ƙaf kuma ɗigo ɗaya a sama, a nasu ba haka ba ne. In uba yana gyara wa yaro da Warshu, malam yana gyarawa da Hafsu, yaron zai ɗauka ɗayansu bai iya ba. Mun bar su a kan Hafsu, mun kuma gaya musu duka biyun ingantattu ne. Haka muka yi da sakin hannu da kamawa, tun kafin wani yaro a sahu ya ce musu babansu bai iya salla ba.

Dokar makaranta ma sai an san ta. Iyaye suna da ikon cire yaro daga ibadar da ake yi a taron safe da darasin addinai. Tun Satumba 2020 darasin zamantakewa, wato na alaƙar iyali da abota, ya zama dole a firamare, ba a cire yaro daga shi, amma ana iya neman ganin kayan koyarwar, kuma muna nema. Ni ban cire nawa daga darasin addinai ba. Na fi son su ji tambayar a aji, su kawo ta gida da yamma. In Disamba ta zo ana shirin wasan haihuwar Annabi Isa, alaihis salam, sai mu zauna mu karanta fassarar Suratu Maryam, yaro ya san abin da muka yarda da shi da inda muka rabu da su.

Abinci bai da wuya. Mun koya musu duba bayan leda: jelatin a alawa sau da yawa na alade ne, in an rubuta cewa ta dace da marasa cin nama to babu shi.

Ranar Idi kuwa makaranta tana ba da izini in an rubuto tun da wuri. Tun da ganin wata yakan raba masallatai, muna sa ranaku biyu a wasiƙar, mu ce za mu tabbatar da ɗaya daren jajibere.