Inda Bugu Yake Zube Mini a Filin Golf

Shekara uku handikaf ɗina, wato lambar da ke auna ƙwarewar ɗan golf wadda take raguwa in mutum ya ƙware, yana kan 24, ba gaba ba baya. Duk Asabar da sassafe ina fili, kuma in na je atisaye babbar sanda kawai nake zarowa, in yi ta narka wa ƙwallo duka har kafaɗa ta yi tsami. A ganina a lokacin, wanda ya fi nisan bugu shi ne gwani.

Yaron da ke ɗaukar mini jaka ne ya ankarar da ni. Wata rana da hunturu, mun gama rami na 18 ina ta zargin iska, sai ya ce, "Alhaji, ka yi haƙuri, iska ba ta da laifi. Yau rami bakwai ka yi bugu uku-uku bayan ka riga ka iso bakinsu." Na ji zafin maganar, amma da na zauna na tuna ramukan ɗaya bayan ɗaya, sai na ga bai ƙara ko ɗaya ba.

Daga ranar na soma rubuta abu uku a bayan katin da ake rubuta yawan bugu: bugu nawa na yi a bakin rami, sau nawa ƙwallo ta ɓace ko ta faɗa ramin yashi, da abin da na yi nan take bayan mummunan bugu. Wannan na ukun ya fi ba ni tsoro. Kusan duk ramin da ya lalace mini, bugu ɗaya ne ya karkace, ni kuma cikin fushi na nemi ramuwa ta tsakanin itatuwa, ɗaya ya zama uku. Yanzu in ƙwallo ta shiga ƙarƙashin darbejiya, gefe nake turo ta, in karɓi asarar bugu ɗaya in wuce.

Fahimtar lissafin handikaf ma ta kwantar mini da hankali. A tsarin da R&A da USGA, manyan hukumomin wasan golf, suka fito da shi a 2020, wasanni 8 mafi kyau cikin 20 na ƙarshe ake duba wa mutum. Ashe rana ɗaya da ta ɓaci ba ta isa ta rusa komai ba. Shi ya sa nake miƙa kowane kati, mai daɗi da marar daɗi. Ban yarda da ɓoye kati ba ko kaɗan, domin mai yin haka kansa yake cuta.

Atisayena ma ya juya. A filinmu babu ciyawa a bakin rami, yashi ne da aka cakuɗa da mai, sai an share hanya kafin a gangara ƙwallo, kuma gudunta da safe daban yake da na rana tsaka. Minti 40 nake yi a wurin, daga taku biyu zuwa taku goma, kafin in taɓa babbar sanda.

Yau handikaf ɗina yana kan 17. Makon jiya na jefa ƙwallo cikin ramin yashi a rami na huɗu, na ji fushin nan ya taso. Yaron ya miƙo mini sanda bai ce uffan ba. Na ja numfashi, na fito da ita, na gama da bugu biyu.