Laraba, bayan darasin yaƙi da jahilci

Yau a ajin da nake koyarwa a gidan gyaran hali, na zauna kusa da wani matashi mai jiran shari'a, na ba shi jimla ɗaya ya kwafa daga allo. Ya tsallake kalma biyu, ya juya wasu baƙaƙe, kuma kafin ya kai ƙarshen layi ƙafarsa sai kaɗawa take yi, idonsa yana kan taga. Amma da na karanta masa jimlar da baki, ya maimaita ta ba kuskure, har ya yi mini bayaninta. Ya ce, "Malam, tun a firamare daƙiƙi ake ce mini, na sha bulala har na daina zuwa."

Da daddare na koma kan abin da masana suka gano. A 2015 Susan Young da abokan aikinta sun tattara bincike daga ƙasashe da dama, suka samu cewa kusan kashi 25 cikin 100 na fursunoni suna da lalurar rashin tattara hankali da likitoci ke kira ADHD, alhali a tsakanin manya da ke waje adadin bai wuce kashi 3 ba. A Suwidin kuma, binciken Paul Lichtenstein na 2012 a kan mutum fiye da 25,000 masu wannan lalura ya nuna cewa a lokutan da suke shan magani aikata laifi ya ragu da kashi 32 a maza, da kashi 41 a mata.

Duk da haka ban yarda cewa lalurar ce ke mai da mutum mai laifi ba, domin da yawa daga cikin masu ita ba su taɓa taka ofishin 'yan sanda ba. Abin da nake gani shi ne yaron da karatu ya gagara ya bar makaranta, ya koma tasha ko majalisar unguwa, ga shi kuma mai aikatawa kafin ya yi tunani, don haka shi abokai ke turawa gaba, shi ake fara kamawa. Ɗalibina ma ya ce takarda aka miƙa masa ya dangwala yatsa, kuma har yau bai san abin da ke cikinta ba.

Amurka ta yi doka a 2018 da ta wajabta gwada fursunonin gidajen yarin tarayya don gano masu matsalar karatu. Ni dai gobe zan roƙi jami'in walwala ya haɗa yaron da likitan ƙwaƙwalwa, domin malami ba ya yanke hukuncin ciwo.