Yadda na tace kayan wasan yara a shagona na Garwa

Kayan wasan yara nake sayarwa a babbar kasuwar Garwa, sana'ar da na koya a hannun kawuna. A da cinikinmu na Sallah ne: bindigar ruwa, balan-balan, tabarau, agogon roba. Yaro ya samu barka da Sallah ya zo ya kashe, bayan kwana biyu abin ya karye, sai kuma wata shekara. Yanzu ba haka ba ne. Yara tarawa suke yi. Ƙananan 'yan tsana masu zuwa a rufe cikin leda, ba ka san wacce za ka samu ba sai ka yage, 'yan ƙwallo na roba, dabbobi, jaruman katun. Yarinya ta samu ja da shuɗiya, hankalinta ba zai kwanta ba sai ta haɗa da ruwan hoda. A 2025 kuma sai ga Labubu, 'yar tsanar nan mai dogayen kunnuwa da haƙora a waje, ta kamfanin Pop Mart na ƙasar Sin, har 'yan matan lakwal suna rataya ta a jaka. Ta ainihin ta fi ƙarfin aljihun mutanenmu. Abin da ke iso mana ta Duwala, ko ta Mubi da Yola, jabu ne, kuma mai saye da mai sayarwa duk sun sani.

Abin da aka tara ba ya barin gida. Yana kan gado, yana cikin aljihu, yana ƙasan tabarma, kuma a gidan da ke da yara biyar ko shida, abin da babba ta saya ƙarami ne zai tauna.

Zafin watan Afrilu ne ya sa na fara duba kayana da kyau. Duk wanda ya san Garwa ya san yadda rumfar kwano take a lokacin, ma'auni yana wuce 40, iska ba ta motsi ko daga bakin Binuwai. Na buɗe wani kwali na 'yan tsana masu laushi, sai na ga sun yi gumi. Jikinsu yana danƙo, sun manne da ledarsu, ƙasan kwalin ya yi tabon maiƙo kamar takardar da aka naɗe ƙosai. Na goge ɗaya da tsumma ta bushe, washegari danƙon ya dawo. Warin da ya taso kuwa har cikin maƙogwaro.

Na kai wa ƙanena guda ɗaya, shi da ya karanta kimiyyar sinadarai a Jami'ar Ngaundere. Ya lanƙwasa hannunta, ya murza yatsunsa, ya ce: "Yaya, wannan robar PVC ce, irin ta fayif ɗin ruwa. Asalinta tauri gare ta. Don ta yi laushi haka sai an zuba mata wani sinadari mai maiƙo, ana ce wa danginsa fitalet. Ba ya kama jikin robar, zama kawai yake yi a cikinta, shi ya sa zafi da yawu da maiƙon hannu suke jawo shi waje." Ya ce a roba mai laushi sosai sinadarin yakan kai kashi uku cikin goma na nauyinta, wani lokaci ya wuce.

Na tambaye shi ko yana sa ciwon ciki ko ƙuraje. Ya ce da haka ne da an daɗe da ganewa. Illarsa tana taɓa sinadaran jiki masu tsara girma da balaga, kuma gwaji a kan dabbobi ya nuna wasu nau'o'insa, musamman wanda ake kira DEHP, suna lalata ginuwar gaɓoɓin haihuwa na namiji tun yana ciki. Ba abu ne da uwa za ta gani da yamma ta ce ga abin da ya jawo ba. Shi ya sa Tarayyar Turai ta fara hana shi a kayan da jarirai ke sa wa a baki tun 1999, a 2005 ta mayar da hanin na dindindin, ta ce kada wasu nau'o'i uku su wuce kashi 0.1 cikin ɗari a kowane abin wasa. Amurka ta yi tata dokar a 2008. Na tsaya ina lissafi a raina: can an ce ko ɗigo kada ya wuce, nan kuma kwalina yana jiƙewa da shi.

Akwai wata dabara da ya nuna mini a jikin ledar, wadda ta fi komai ɓata mini rai. An buga 14+ a kusurwa. A dokokin Turai abin wasa shi ne wanda aka yi wa yaro ƙasa da shekara 14, saboda haka abin da aka ce na masu tarawa ne, ko na ado, yana iya kauce wa ƙa'idar kayan yara. To a kasuwarmu wa yake karanta kusurwar leda? Goggo ce za ta zo da sefa 500 ta ce a ba ta ta jikarta mai shekara biyu.

Daga nan na rufe rabin shago na shiga tacewa. Na shimfiɗa tabarma a bayan rumfa, ni da yaron shagona, muna zazzage kwali ɗaya bayan ɗaya. Duk abin da ke da danƙo ko maiƙo, gefe. Duk abin da warinsa ke bugun hanci da zarar an yage leda, gefe. Muna juya kowanne mu nemi ɗan alwatikan nan mai lamba a tsakiya: 3 ita ce PVC, 2 da 5 su ne robobin da ba sa bukatar sinadarin tausasawa, irin na jarka da bokiti. Yawancin ƙananan kayan ba su da lamba ko kaɗan, ba sunan kamfani, ba adireshi. A kansu sai hukuncin hannu: in yana lanƙwasawa kamar fata kuma yana da santsin maiƙo, ban bar shi ba. Ƙanena ya ja mini kunne cewa rashin wari ba shaidar tsabta ba ce, don shi fitalet kansa kusan ba ya wari, abin da hanci ke kamawa ragowar fenti ne da sauran sinadaran masana'anta. Hanci yana fitar da mafi muni ne kawai.

Fenti ya fi cin lokaci. Na samo farin ƙyalle na jiƙa shi da ruwa, ina goga fuskar kowace 'yar tsana da ƙarfi, wajen leɓe da ido da takalmi. Wata motar tsere ja, shafa biyu kawai ƙyallen ya rine. Wani zaki mai ruwan ɗorawa kuma da farce na kankare gashin wuyansa, fentin ya ɓare ƙanana ƙanana ya maƙale a ƙasan farcena. Abin da ya fita da ruwa da farce, yawun yaro mai haƙori ba zai bar shi ba. Ja da ɗorawa masu haske su ne launukan da aka saba haɗawa da dalma ko kadmiyom, wani ƙarfe mai guba, don araha da ƙyalli. Ido ba ya gane dalma a fenti, sai na'ura, amma fentin da ba ya zama a jikin abin wasa ba shi da dalilin zama a shagona.

Maganar dalma ba baƙuwa ba ce ga Bahaushe. A 2010 gubar dalma ta kashe yara fiye da 400 a ƙauyukan Zamfara, inda ake niƙa dutsen zinariya a cikin gidaje. Wancan mai yawa ne a lokaci guda, har da suma da farfaɗiya. Na fenti kaɗan kaɗan yake shiga, ya taɓa ƙwaƙwalwa, yaro ya taso karatu yana ba shi wuya, a yi ta dukansa ana ce masa daƙiƙi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babu wani adadin dalma a jini da aka san ba ya cutarwa, kuma jikin ƙaramin yaro yana tsotse ninki huɗu zuwa biyar na abin da jikin babba zai tsotsa. Ko manyan kamfanoni abin ya taɓa su: a 2007 Mattel ya janye kayan wasa masu ɗimbin yawa daga kasuwa saboda dalma a fenti. Kamaru ta kafa dokar taƙaita dalma a fenti a 2017, mataki ne mai kyau, sai dai 'yar tsana da fentinta take tsallako iyaka.

Baƙar roba mai arha ma na rage ta sosai, bindigogi da tayoyin mota da ƙananan wayoyin wasa. Sau da yawa daga narkakkun gangar jikin talabijin da kwamfuta ake yin ta, su kuma waɗannan an zuba musu sinadarin hana kama wuta. Ƙungiyar IPEN, mai yaƙi da sinadarai masu guba, ta gwada kayan wasa daga ƙasashe da dama ta samu ragowar sinadarin a ciki.

Da muka gama, abin da na ware ya cika buhuna. Nan ne aikin ya yi nauyi, don kuɗina ne a ciki. Wani maƙwabcina a kasuwa ya ce in karya farashi in sayar wa masu kai kaya kasuwannin ƙauye, Pitowa ko Gashiga, a rana ɗaya za su kwashe. Wani ya ce in yi sadaka da su ga almajirai. Ban ga yadda abin da na hana 'ya'yana zai zama sadaka ga ɗan wani ba. Ƙonawa ma ba hanya ba ce, don PVC in ta kama wuta hayaƙinta yana ɗauke da iska mai cin huhu da guba mai daɗewa a ƙasa. Sai muka sa almakashin tela da wuƙa muka daddatsa su, don na san in suka isa bola da kyansu, kafin la'asar suna hannun yara. Muka ɗaure buhunan, na jira motar Hysacam, kamfanin kwashe shara, na miƙa da hannuna.

Na je wa dilan da nake sari a wurinsa da 'yar tsana ɗaya a aljihu. Dattijo ne mai mutunci, shekaru muna hulɗa. Na ce: "Alhaji, taɓa ka ji." Ya taɓa, ya goge hannunsa a gefen riga, ya ce: "Ɗana, ni ma a kwali nake ganinsu. Wanda ya loda kwantena a Yiwu ta ƙasar Sin farashi yake tambaya, ba abin da ke ciki ba." Ya nuna mini alamar CE a ledar. Na gaya masa abin da na koya, cewa alamar nan kamfani ne da kansa yake bugawa don ya ce ya bi ƙa'idar Turai, kuma mai yin jabun 'yar tsana ba zai gagara buga haruffa biyu ba. Alama ba tare da sunan kamfani da adireshi da lambar kaya ba, ban ɗauke ta a bakin komai ba. Muka yi yarjejeniya zan riƙa buɗe kwali ɗaya a gabansa kafin in biya, abin da bai yi mini ba in bar masa.

Shagon ya sauya kama. Yanzu robobi masu tauri sun fi yawa, waɗanda launinsu a cikin jikin robar yake, ba shafe ba: tubalan gini, kofuna masu shiga cikin juna, ƙwallo. Na nemo wata tela a Yelwa tana ɗinka mini 'yan tsana na atamfa cike da auduga, ido da baki da zare, ba maɓalli. Wasu samari suna kawo mini motocin waya da na katako, na ce kada su shafa musu fentin mota ko na ƙofa, su bar itacen yadda yake. Ribar ba ta kai ta kayan leda ba, kuma yaran da suka zo neman cikon tarinsu sukan leƙa su wuce shagon gaba. Iyaye mata ne suka riƙe ni, musamman masu goyo, don su ne suka san abin da ke shiga bakin yaro daga safe zuwa dare.

Duk wanda ya zo saye yanzu sai na tambayi shekarun yaron, da ko akwai ƙarami a gidan. Wata Hajiya ta ce: "Malam, abin wasa na zo saye ko asibiti na zo?" Na ɗauko farin ƙyallen da ya rine, wanda na ajiye a ƙasan teburi, na nuna mata. Ta yi shiru, ta mayar da jar motar da ta kawo daga wani shago cikin jaka, ta ce jikanta ba zai gan ta ba.

'Yan tsanar da suka riga suka shiga gidaje su ne suka fi yawa, kuma ba wanda zai iya raba yarinya 'yar shekara goma da tarinta ba tare da kuka ba. A gidana abin da muka yi shi ne muka samo kwalba mai faɗin baki da murfi, 'yata ta jera nata a ciki, aka ɗora a saman kabad inda rana ba ta kai wa, inda ƙaninta mai rarrafe ba ya isa. In ta gama wasa ta wanke hannu da sabulu kafin ta sa a kwanon tuwo. Waɗanda suka fara danƙo ko ɓarewa mun fitar. Uwarsu tana goge ɗakin da jiƙaƙƙen tsumma maimakon shara kawai, don sinadaran nan a ƙura suke taruwa, mai rarrafe kuma a ƙura yake yini. Jabun Labubu kuwa ko maganar sinadari ba a kai ba, idonta da ƙafarta cirewa suke yi da ɗan ja, har hukumar kula da lafiyar kayan masarufi ta Amurka ta yi gargaɗi a watan Agustan 2025 cewa suna iya shaƙe ƙaramin yaro. Masu walƙiya kuma suna da ɗan batir mai kamar kwabo, wanda in yaro ya haɗiye yana iya ƙona masa maƙogwaro cikin awa biyu. Duk abin da murfin batirinsa ba a ɗaure da ƙusa ba, ba na sayarwa.

Hannu da hanci da farin ƙyalle iyakarsu ke nan. Akwai na'urar hannu da ake ɗora wa abu ta nuna dalma da kadmiyom cikin daƙiƙu, kuma inda ya kamata ta kasance shi ne tashar Duwala da kan iyakokinmu da Najeriya, a hannun duwan, wato kwastan, da ma'aikatan ANOR, hukumar da ke kula da ingancin kaya. Mu 'yan layin kayan wasa mun fara magana a tsakaninmu mu haɗa odar Sallah mai zuwa wuri ɗaya, don in kuɗin ya yi kauri mu samu bakin neman takardar gwaji daga mai shigo da kaya. Mutum huɗu sun amince zuwa yanzu, sauran sun ce sai sun ga farashi.