Littafin barcin Baba

Hajiya ce ta fara kawo ƙara. Ta fito da safe leɓe a kumbure, wai Alhaji ya kai mata naushi cikin barci, yana ihun ɓarayi sun shiga rumfar goro. Maƙwabtanmu a unguwar Aboabo ta Kumasi suka ce iska ce, a nemo rubutu. Aka sha. Ni kuwa na sayo littafi a kasuwar Kejetia, na shimfiɗa tabarma a bakin ƙofarsu har dare talatin.

Abin da nake rubutawa kaɗan ne: ƙarfe nawa ya kwanta, sau nawa ya farka, yaushe ya fara shure-shure, goro nawa ya ci. Da farko shi nake tambaya, ashe ɓata tawada nake yi. "Lafiya lau na kwana, Uwata," alhali bargo na can ƙasa. Labarin gaskiya yana bakin Hajiya.

Kafin mako biyu na lura damben ba ya zuwa da farkon dare, sai gab da asuba. Nan likitan ƙwaƙwalwa a asibitin Komfo Anokye ya ɗora yatsa da na miƙa masa littafin. Ya ce lokacin ne barcin mafarki ya fi yawa, kuma a cikinsa ƙwaƙwalwa kan ɗaure gaɓoɓi don kada mutum ya aikata abin da yake gani. Na Baba ɗaurin ne ya kwance. A 1986 wani likita mai suna Carlos Schenck da abokan aikinsa a Minnesota ta Amurka suka bayyana wannan lalura. Bayan shekara goma suka ba da rahoton cewa 11 cikin maza 29 da suke bibiya sun nuna alamun Parkinson, ciwon karkarwa. Jikina ya yi sanyi. Likita ya sa Baba ya miƙe hannuwa, ya taka zuwa ƙofa ya dawo, ya ce mu riƙa zuwa.

Akwai abin da ban nema ba, littafin ya nuna min. Duk daren da barcinsa ya yayyanke, washegari sai ya manta wa ya ɗauki goro bashi. Ashe cikin barci ƙwaƙwalwa ke adana abin da aka tara da rana.

Yanzu katifarsa a ƙasa take, mun janye tebur daga gefenta, Hajiya ta koma gadonta. Goro kuma daga azahar an rufe, ko da yake jiya na tsinci ɓari guda a cikin hularsa.