Darasin da duwatsun kogi suka koya mini wajen zaɓen ƙwaron fatsa

Lokacin da na fara koyon fatsa da ƙwaron ƙarya, wato ƙugiyar da ake naɗe wa gashi da zare har ta yi kama da ƙwaro, na ɗauka cewa gwaninta tana cikin yawan abin da mutum ya tara a akwatinsa. Na cika nawa da ƙwarin ƙarya masu kama da nimf iri-iri, masu launi daban-daban, ina sauya wannan in ɗaura wancan duk bayan minti goma, amma sai in yini a bakin ruwa ba tare da kifi ya taɓa ba. Nimf shi ne ɗan ƙwaron da yake rayuwa a ƙarƙashin ruwa kafin ya yi fukafukai ya tashi, kuma shi ne babban abincin taraut, wani kifin koguna masu ruwan sanyi, a mafi yawan kwanakin shekara.

Dattijon da yake koya mini bai taɓa duba akwatina ba. Wata rana da safe ya ce da ni, "Yaro, ajiye sandar nan tukuna, ka ɗago mini dutsen can." Na sa hannu a ruwan sanyi na juyo dutsen, sai ga ƙananan halittu suna ta rarrafe a bayansa. Akwai wani mai faffaɗan jiki da jela uku wanda ya manne da dutsen kamar an liƙa shi, akwai wani babba mai jela biyu, akwai kuma tsutsar da ta gina wa kanta gida da yashi da ƙananan tsakuwa. Dukkansu launinsu tsakanin ruwan ƙasa ne da kore mai duhu, kuma mafi yawansu ba su kai tsawon farcen ɗan yatsana ba. Da na dubi abin da na ɗaura a zarena, sai na ga ya ninka su girma har sau biyu, kunya ta kama ni. Tun daga ranar na koma ƙugiya mai lamba 14 zuwa 18, domin a wannan ma'auni duk yadda lambar ta ƙaru, ƙugiyar ƙanƙancewa take yi.

Darasi na biyu ya fi ɗaukar mini lokaci, kuma a ganina shi ne ya fi nauyi. Ruwan kogi ba ya gudu da sauri ɗaya daga sama har ƙasa. Na saman ya fi gudu, na ƙasan kuwa duwatsu suna rage masa ƙarfi, don haka kifi yake kwanciya can ƙasa inda ba zai wahala ba, yana jiran abin da ruwa zai kawo masa. Idan ƙwaronka ba shi da nauyi, zai wuce ta saman kifin, komai kyan naɗinsa kuwa. Wannan ne ya sa ake sa wa kan ƙugiya ɗan dunƙulen ƙarfe, kuma na tangistin, wani ƙarfe mai nauyi sosai, ya fi na tagulla mai girma ɗaya nauyi fiye da sau biyu, saboda haka yake nutsewa da wuri a ruwa mai gudu. Na koyi cewa idan na yi jifa biyar ko shida ban ji ƙugiya ta ɗan taɓa ƙasa ba, to ban kai inda kifin yake ba, sai in ƙara nauyi kafin in yi tunanin sauya launi. Idan kuma tana maƙalewa a kowace jifa, na wuce gona da iri. Na yi asarar ƙugiyoyi da yawa a tsakanin duwatsu kafin hannuna ya gane bambancin.

Daga baya na karanta labarin Frank Sawyer, tsohon mai kula da kogin Avon a Ingila, wanda ya ƙirƙiro nimf ɗin da ake kira Pheasant Tail. Bai yi amfani da zare ba ma wajen naɗa shi. Gashin jelar fezan, wani tsuntsu mai doguwar jela, ne kawai da siririyar wayar jan ƙarfe, wadda take riƙe gashin kuma take ba shi nauyi. Bai yi masa ƙafafu ba, domin ya lura cewa nimf mai iyo yakan naɗe ƙafafunsa a jikinsa. Mutumin ya gina abinsa a kan abin da idonsa ya gani a ruwa, shi ya sa har yau ba a rasa shi a akwatin masu wannan fatsa.

Yanzu iri biyu nake dogara da su, wannan siririn mai duhu da kuma Hare's Ear, wanda ake yi da gashin zomo mai burtsatsi, kowanne a girma uku da nauyi uku. Idan ruwa ya yi garau kuma ya ja baya, nakan ɗauki ƙarami marar ƙyalli. Idan ya gurɓace bayan ruwan sama, nakan ɗaura babba mai duhu wanda kifi zai iya hange. Sauran da na tara a farko suna nan a tsohon akwatin, wasu ƙugiyoyin har sun fara tsatsa.