Famfon akwatin kifi a Maradi: ƙarancin wat ya fi ƙarfin turi

Mai ajiye kifin ado a akwatin gilashi a Maradi yana fama da abu biyu da kwalin famfo ba ya faɗa: zafin bazara da ɗaukewar wuta. A watan Afrilu da Mayu zafin gari kan haura digiri 40, ruwan akwatin da ke cikin ɗaki kuma ba wuya ya kai 32 ko 33. Ruwa idan ya yi ɗumi yana sakin iskar da kifi ke shaƙa: a digiri 20 lita ɗaya na riƙe kusan miligiram 9 na oksijin, a digiri 30 ya koma wajen 7.5. Shi ya sa zaɓen famfo mai cin wuta kaɗan a nan ya wuce maganar rage kuɗin wutar NIGELEC.

Famfon da ake nutsarwa a cikin ruwa, kusan duk wutar da ya ci tana komawa zafi ne, zafin kuwa a cikin ruwan yake zama. Famfo mai wat 25 a akwatin lita 100 tamkar ƙaramar hita ce da ba a kashewa dare da rana. A wata guda yana cin kilowat-awa 18, mai wat 5 kuwa 3.6 kacal. Lissafin ba wuya: wat sau 24 sau 30, a raba da 1000.

Kafin a je kasuwa a auna akwatin. Tsawo sau faɗi sau zurfi a santimita, a raba da 1000, shi ne lita. Akwati mai 80 da 35 da 40 ya ba da lita 112. Idan an cire tsakuwa da ɗan sararin sama, ruwan bai fi lita 95 zuwa 100 ba. Ga ƙananan kifaye irin su gufi da moli, ya isa ruwan ya zaga cikin filta (abin tace ruwa) sau 4 zuwa 6 a awa ɗaya, wato famfo mai lita 400 zuwa 600 a awa. Jajayen kifin nan na ado da ƴaƴan karfasa sun fi ɓata ruwa, su a ɗauki lambar sama. Wanda ya sayi mai lita 1500 don "ya fi ƙarfi" zai ga kifinsa sun lafe a kusurwa suna gudun igiyar ruwa.

A kan kwali akwai lambobi uku: W (wat), L/H (lita a awa) da Hmax. Ta biyu ita ce mai yaudara, domin an auna ta ne ba tare da famfon ya ɗaga ruwa ko da taku ɗaya ba. Hmax kuwa tsayin da ruwan ke tsayawa cak ne. Idan an rubuta 0.8 m kuma filtarka na santimita 40 sama da fuskar ruwa, kada ka sa ran fiye da wajen rabin abin da aka rubuta. A raba L/H da W don kwatanta famfo biyu: mai ba da lita 100 ko fiye a kowane wat ya yi, mai 40 ko 50 a bar wa mai shago abinsa. A duba kuma an rubuta 220 V da 50 Hz. Kayan gwanjo masu 110 V na Amurka ƙonewa suke yi da an jona.

Tiyo ma yana cin ƙarfi. Wanda ya fi bakin famfo ƙanƙanta, ko mai lanƙwasa da yawa, yana rage ruwan da ke fita alhali wutar da ake ci tana nan. Idan ana son rage gudu, a matse ta wajen fita, ba ta wajen shiga ba.

Inda maganar ta fi nauyi shi ne ɗauke wuta. Cikin soson filta akwai ƙwayoyin halitta masu cinye gubar amoniya da ke fitowa daga kashin kifi, kuma su ma iska suke buƙata. Idan ruwa ya tsaya awanni a rufaffiyar filta cikin zafi, sai su fara mutuwa. Wuta na dawowa famfo ya kwararo ruɓaɓɓen ruwa cikin akwati. Sau da yawa wannan ne ke kashe kifi washegari, a ɗora laifin a kan abinci. Idan wuta ta daɗe ba ta dawo ba, a zare famfon daga soket, a zubar da ruwan cikin filtar kafin a sake kunnawa.

Saboda haka famfon DC, wato mai aiki da wutar batir, mai 12 V ya fi dacewa da garin nan. Ana jona shi kai tsaye da batirin sola, babu inbata a tsakani. Mai wat 5 yana jan kusan amfiya 0.4, ƙaramin batir mai 7 Ah, idan ba a sauke shi ƙasa da rabi ba don kada ya lalace, zai riƙe shi kamar awa 8. Famfon AC, wato na wutar gida, a kan inbata mai araha kuwa sai ƙugi da zafi, wani lokaci ma ya ƙi tashi.

Ga akwatin da bai wuce lita 60 ba, a ganina famfon ruwa ma bai zama dole ba. Injin hura iska cikin ruwa mai wat 2 ko 3 da filtar soso sun wadatar, ga shi injin yana waje, ba ya ɗumama ruwa. Akwai irin na USB mai cin wajen wat 1, wanda fawabanki mai 10,000 mAh ke iya riƙewa kusan kwana guda. Ko mai babban akwati ya kamata ya ajiye ɗaya. Sai dai a ɗora injin sama da fuskar ruwa ko a sa ɗan bawul mai hana komawa a tiyon, in ba haka ba da wuta ta ɗauke ruwa kan biyo tiyo ya cika injin, ya malale ɗaki.

Famfo mai kyau ma datti na mai da shi macin wuta a banza. Duk sati 3 ko 4 a zare shi, a buɗe murfi, a ciro farfela da maganaɗisunta, a goge da tsohon buroshin haƙori. Farin ɓawon da ruwan rijiya ko na burtsatse ke bari, a jiƙa a binega rabin awa, a ɗauraye sosai. Banda sabulu. Soson filta a matse shi cikin ruwan da aka ɗebo daga akwatin, domin sinadarin kulorin na ruwan famfon gida yana kashe ƙwayoyin nan masu amfani. Da hunturu ƙura na toshe ƴar audugar da ke ƙasan injin iska, a riƙa kakkaɓe ta.

Da bazara ruwa na ƙafewa da sauri, famfon da ya yi aiki a bushe kuwa ƴan mintoci sun isa ya ƙone. A manne shi can ƙasa, a ja layi a jikin gilashi, a riƙa cikawa da ruwan da ya kwana biyu a buɗaɗɗen bokiti don kulorin ya fice. Wayar kuma a bar ta ta sauka ƙasa da soket sannan ta hau, don ɗigon ruwa ya faɗi ƙasa kafin ya kai ga wuta, kuma a zare ta kafin a tsoma hannu.