Yadda nake koyar da makafi tafiya da farar sanda a titunan Jos

Da awon sanda nake farawa. Ɗalibi ya miƙe tsaye, sandar ta taso daga ƙasa ta kai ƙahon zuciyarsa. In mai saurin tafiya ne, na ƙara masa ɗan tsawo. Gajeriyar sanda ba ta ba da labarin rami sai ƙafa ta riga ta faɗa.

Sai riƙo. Hannu a tsakiyar jiki daidai cibiya, ɗan yatsa a miƙe bisa mariƙin, wuyan hannu kaɗai ke motsi. In ƙafar dama ta taka, bakin sanda yana hagu. In ta hagu ta taka, yana dama, ya ɗan zarce faɗin kafaɗa. Nan ake fama. Da mutum ya gaji sai hannun ya zame gefe, ɓari guda ya zauna ba kariya, ya riƙa karkata bai sani ba.

Saboda lambatun da ba murfi, ba na barin sabon shiga ya riƙa ɗaga sanda. Jan ta yake a ƙasa, ya ji inda kwalta ta ƙare. Hakan na cin bakin sandar da wuri, don haka a ajiye na canji. Kuma sanda ba ta san abin da ke sama da ƙugu ba: kwanon rumfa, bayan babbar mota, allon talla. A cunkoso irin na kasuwar Terminus, ɗaya hannun yana tare fuska.

Masu taimako ma akwai koyon zama da su, don wani sai ya cafke sandar ya ja. Ɗalibi ya ce, "Malam, don Allah sakar min sandar, ba ni gwiwar hannunka." Ya kama, ya bi shi da ratar rabin taku.

Iyaye sun fi kowa tsoro, ban kuma ga laifinsu ba. Nakan tuna musu cewa tun 1953 ake karantar da makafi a garin Gindiri da ke nan jihar Filato, kuma dokar da aka sa wa hannu a 2019 ta ware wa masu buƙata ta musamman kashi 5 cikin 100 na guraben aikin gwamnati. Amma wanda ya samu aikin, kullum sai an cire ƙaninsa daga aji ya yi masa jagora?

Gwajin ƙarshe daga ƙofar gida ne zuwa inda ake hawa keke napep, sau uku. Ina biye da shi taku goma a baya, bakina a rufe, sai fa in ya doshi titi.